Tambaya da Amsa: Ɗan Bankin Zuba Jari da Hidimar Masu Fasaha

Wasiƙun wannan fitowa daga Gombe da Bauchi suka zo, kuma duk a kan mutum iri ɗaya suke: ma'aikacin bankin zuba jari da ake jin sunansa wajen ɗaukar nauyin masu zane, mawaƙa da gidajen tarihi.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a sashen tattalin arziki na Jami'ar Jihar Gombe. Mene ne bambancin aikin bankin zuba jari da na bankunan da muke gani a titin Biu?

Amsa: Malam, bankin titin Biu ajiya yake karɓa ya ba da rance, ribarsa tana tsakanin biyun. Shi kuwa bankin zuba jari dillali ne. Ka leƙa Tudun Hatsi ka ga dillalin da ba shi da buhu ko ɗaya, amma ya san mai masara, ya san mai kuɗi, ya san farashin yau, in ciniki ya faɗa ya karɓi la'adarsa. Haka aikin yake, sai dai hajar a nan hannun jari ne, ko takardar lamuni (takardar bashi da gwamnati ko kamfani ke sayarwa don tara kuɗi), ko sukuk (makamanciyarta da aka tsara bisa shari'ar Musulunci), ko kamfani sukutum. Lokacin da Lafarge Africa ya bi masu hannun jarin kamfanin siminti na Ashaka yana saye, har aka cire Ashaka daga kasuwar hannun jari a 2017, irin waɗannan ma'aikata ne ke zama su yi wa kowane hannun jari kuɗi, su tsara tayin, su kai takardu gaban hukuma.

Ɗauki jihar da ke son kuɗin yin hanya, kamar yadda Gombe ta fitar da takardar lamuni ta naira biliyan 20 a 2012. Da farko majalisar dokokin jiha za ta amince da cin bashin. Sai a ba gidan da zai jagoranci cinikin takardar wakilci. Shi zai tara lauyoyi, akantoci masu duba littattafai, amintattun da za su tsaya wa masu saye, da kamfanin auna ƙarfin mai cin bashi, irin su Agusto ko GCR. A yi binciken ƙwaƙwaf a kan kuɗin shigar jihar da basussukan da ke kanta, a rubuta kundin tayi, a miƙa wa hukumar SEC mai kula da kasuwar jari. In ta amince, sai a buɗe rajista: kamfanonin fansho, bankuna da kamfanonin inshora kowa ya faɗi nawa zai saya da kuma a kan wace riba. Daga nan ake tsayar da farashi, a raba, a jera takardar a kasuwar NGX ko FMDQ. Abin da ke kwantar wa masu saye hankali shi ne umarnin da jihar ke sa wa hannu cewa a riƙa cire kuɗin biya daga kasonta na tarayya tun kafin ya iso, umarnin da ba a janye shi.

Inda ciniki ke lalacewa an san shi. Ko a tarar littattafan kuɗi ba su cika ba, ko wani tsohon bashi da aka ɓoye ya fito ana tsakiyar bincike, ko a ɓata watanni ana jiran sa hannu har ribar kasuwa ta tashi, farashin da aka yi wa gwamna alkawari ya zama tatsuniya. Mafi yawan la'ada kuma sai ciniki ya kammala ake biya. Ana iya kwashe wata takwas ana aiki dare da rana a tashi a tutar babu.

Tambaya: Na gama karatun akanta a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU), ina jiran bautar ƙasa. Ta ina ɗan Bauchi zai shiga wannan aiki?

Amsa: Gaskiyar farko mai ɗaci ce: aikin a Legas yake, sai ɗan abin da ba a rasa ba a Abuja. Gidaje irin su Stanbic IBTC Capital, Chapel Hill Denham, Vetiva, Afrinvest, United Capital da CardinalStone duk can suke da mazauni. In da hali, ka nemi yin hidimar ƙasarka a ɗaya daga cikin biranen biyu, ko da a kamfanin binciken kuɗi ne ko na kula da fansho, don daga nan ake tsallakawa.

Masu ɗaukar sababbin ma'aikata yawanci suna neman digiri mai daraja ta biyu babba ko sama, kuma da yawansu suna sa iyakar shekaru, don haka ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da za a gwada ka a kai uku ne. Na farko, ka iya karanta rahoton kuɗin kamfani ka ga yadda riba, kadara da shigar tsabar kuɗi suke ɗaure da juna: in aka ce darajar injin ta ragu da miliyan 10, ka faɗi inda za ta taɓa a duka ukun ba tare da inda-inda ba. Na biyu, manhajar lissafi ta Excel, ba na jera sunaye ba, na gina hasashen shekara biyar. Na uku, rubutun Turanci gajere mai tsabta. Hanya mafi araha ta koyo ita ce ka sauke rahoton shekara na kamfani ɗaya da ke kasuwar NGX, kyauta ne, ka kwafe alƙalumansa na shekara uku da hannunka, ka yi hasashen gaba, sannan ka rubuta shafi biyu kan ko hannun jarinsa ya yi tsada ko ya yi araha. Wannan shafi biyun ya fi tarin takardun halartar bita amfani a gaban masu tantancewa.

Tunda akanta ka karanta, ka kammala jarrabawar ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci ta ƙasa. Jarrabawar CFA, ta ƙwararrun masu nazarin zuba jari, mataki uku ce, kowane mataki yana cin kimanin awa 300 na karatu, da dala ake biya, kuma sau da yawa waɗanda ke cin matakin farko ba sa kai rabi. Kada ka ci bashi dominta kafin ka samu aiki, wasu gidajen suna biya wa ma'aikatansu. Mai son ɓangaren saye da sayarwa a kasuwa kuwa, jarrabawar cibiyar dillalan hannun jari ta CIS ce tasa.

Shekara biyu ko uku na farko kai ne mai lissafi da gyaran takardu har tsakar dare. Daga nan ka fara riƙe ciniki da kanka. Sai an haura shekara goma ake fara auna mutum da abu biyu tak: wa ya sani, kuma wane ciniki ya kawo. A wannan gaɓa ɗan arewa mai Hausa a baki, wanda ya san masu shinkafa, masu taki da ma'aikatun kuɗi na jihohinmu, yana da abin da abokan aikinsa ba su da shi.

Tambaya: Mahaifina ya ce ba zai sa wa aikin da ke da kuɗin ruwa albarka ba. Akwai mafita? Daga wata ɗaliba a Kashere.

Amsa: Malama, hukunci na malamai ne, kuma maganar mahaifi ba abin wasa ba ce. Abin da za mu iya faɗa shi ne ɓangaren da ba ruwansa da kuɗin ruwa ya girma. Jihar Osun ta fitar da sukuk a 2013. Gwamnatin tarayya ta fitar da nata na farko a 2017, naira biliyan 100 na shekara bakwai, aka raba kuɗin ga ayyukan hanyoyi 25 a shiyyoyi shida. A tsarin ijara, masu saye suna da haƙƙi a kan kadara, abin da ake biyan su kuɗin haya ne, kuma sai kwamitin malamai masana ya duba takardun ya sa hannu. Lotus Capital, da Hajiya Hajara Adeola ta kafa a 2004, da bankunan Jaiz da TAJ duk a wannan layi suke. Wanda ya haɗa lissafi da fiƙihun mu'amala, ya san murabaha (sayarwa da ribar da aka bayyana) da mudaraba (haɗin mai kuɗi da mai aiki a raba riba) ba a baki kawai ba, nemansa ake yi. Ki kai wa Baba kundin tayin sukuk ɗaya, ku zauna da malamin da ya yarda da shi a karanta.

Tambaya: Me ya sa 'yan banki ne ke yawan fitowa a harkar zane-zane da gidajen tarihi? Son abin ne ko neman suna?

Amsa: Duka biyun, kuma abin ya daɗe. Iyalan Medici na birnin Florence a Italiya da kuɗin banki suka riƙe manyan masu zane da magina tun ƙarni na 15. J.P. Morgan ya shugabanci gidan tarihi na Metropolitan a New York daga 1904 har rasuwarsa a 1913. A gida, Atedo Peterside ya kafa bankin IBTC a 1989 yana da shekara 33, 'yarsa Tokini kuma ita ta kafa baje kolin ART X Lagos a 2016, wanda bankin Access ya ɗauki nauyinsa shekaru da dama. Yemisi Shyllon, lauya, injiniya kuma dillalin hannun jari, ya ba Jami'ar Pan-Atlantic ayyukan fasaha kimanin 1,000, aka buɗe gidan adana su da sunansa a 2019. Kwamitin shugabannin bankuna kuma shi ya ɗauki gyaran babban ɗakin wasanni na ƙasa da ke Iganmu a Legas.

Ka lura da abu ɗaya: babu ƙaramin ma'aikaci a jerin nan. Kuɗin ba daga albashi yake fitowa ba. Daga garaɓasar ƙarshen shekara yake fitowa, da kuma, fiye da komai, mallakar kaso a kamfanin. Garaɓasa kuwa kamar damina take, bana ta yi kyau, baɗi a yi fari. Shi ya sa mai hankali ba ya yi wa mai fasaha alkawarin shekara uku da kuɗin da bai shigo ba.

Neman suna ba laifi ba ne. Wajen baje koli ake haɗuwa da masu kamfanonin da gobe za su nemi dillali. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: makaɗin fada da ubangidansa kowa ya san abin da yake samu a wajen ɗan'uwansa, wannan riga da doki, wancan suna da ba ya mutuwa. Inda abin ke wari shi ne bankin da ke neman wakilcin jiha ya tashi ya ɗauki nauyin bikin al'adu na wani na kusa da mai sa hannu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gidajen da suka san ciwon kansu suna da sashen da ke tantance irin wannan kyauta kafin ta fita.

Tambaya: Na yi ritaya bayan shekaru a harkar kuɗi, na dawo gida Bauchi. Ina so in ware naira miliyan 50 don masu sana'ar hannu da mawaƙanmu, amma ba na son ya zama liƙi na dare ɗaya. Yaya zan tsara?

Amsa: Alhaji, ranku ya daɗe, kun riga kun gano cutar da kanku. Liƙi yana faranta rai, amma ba ya barin kome da za a nuna wa jika. Abin da ɗan banki zai kawo wa wannan fage wanda attajirin kasuwa bai saba kawowa ba shi ne takarda, wa'adi da lissafi.

Ku fara da yanke shawara mai wuya: asusun dindindin ne ko mai ƙarewa? A Amurka asusun dindindin yana kashe kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari a shekara, sauran ribar a mayar cikin uwar kuɗi. A nan lissafin ba ya fita. Misali, miliyan 50 ta kawo kashi 18, miliyan 9 ke nan. In tsadar kaya ta tashi da kashi 25, ko sisi ba ku taɓa ba asusun ya rame, kuma a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30. Shawararmu ita ce asusu mai ƙarewa: miliyan 10 kowace shekara, abin da ke jira a ajiye shi a sukuk ko wata takarda mai gajeren wa'adi, ribarsa ta ƙara muku shekara ta shida.

Sannan ku zaɓi fanni ɗaya ko biyu. Wanda ya ce zai riƙe masaƙa, marina, dukawa, mawaƙa da 'yan fim gaba ɗaya da wannan kuɗi ba zai riƙe kowa ba. A Bauchi akwai fannin da ke neman mai ceto ido rufe, wato ginin gargajiya. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, aikin shahararren magini Babban Gwani, yana cikin kayan tarihin ƙasa, amma maginan da suka iya ɗaura bakan gizo da azara, suka san haɗin makuba da laso, tsufa suke yi ba magada. Biyan gwani ɗaya ya koyar da yara biyar na shekara biyu, a kan gini na gaske ba a aji ba, ya fi taro goma. Ku kiyaye abu biyu: ginin da ke cikin jerin kayan tarihin ƙasa ba a taɓa shi sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kuma kada kowa ya shafa wa bangon ƙasa siminti da sunan gyara. Siminti yana kulle laima a ciki, bangon ya ruɓe a ɓoye, wata rana fatar ta ɓalle da rabin katangar.

In rubutu ne ya fi kwanta muku, akwai takardun ajami da allunan zayyana a gidajen malamai. Maƙiyansu gara, laima, rana da kuma mai gyaran ganganci. Ba a manna musu leda da zafi, ba a liƙa musu salatif. A share ƙura da burushi mai laushi, a ɗauki hoto mai ƙarfin ɗigo 300 zuwa 600 a kowane inci, a sa a kwali marar asid, a ɗora a kanta nesa da bango da ƙasa, a ajiye kwafin hotunan a wuri biyu daban. Asalin kuma ya zauna a hannun masu shi.

Ta fuskar doka, ku yi rajistar amintattu a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, ku buɗe asusun banki da sunan gidauniyar, mai sa hannu biyu, banki kuma zai nemi takardar SCUML, wato sashen da ke yaƙi da halasta kuɗin haram. Kada amintattun su zama 'ya'yanku zalla. Ku sa masani ɗaya na fannin da akanta ɗaya, kuma ku bar zaɓen waɗanda za a tallafa wa a hannun mutum uku da ba sa cin abinci a gidanku. In ubangida ne ke zaɓe da kansa, kafin shekara biyu duk waƙar da za ta fito ta yabonsa ce. Kada kuma ku ɗauka kowace kyauta ake cirewa daga haraji, sai wadda aka ba irin cibiyoyin da doka ta amince da su.

Miliyan 10 ta shekara za ta iya rabuwa haka: 6 ga masu aikin, 1.5 kayan aiki da wuri, 1 ɗaukar hoto da rubuta bayani, 1 albashin mai kula, rabin miliyan na mai binciken kuɗi da abin da ba a zata ba. Kowane aiki a biya shi kashi uku: 40 a farko, 40 in an ga rabin aiki, 20 bayan miƙawa. Ba don ana zargin kowa ba. Kuɗin da ya shiga hannu gaba ɗaya, asibiti da suna da kuɗin makaranta suna jiransa a ƙofa. Kuskuren da ya fi kowane cin kuɗi shi ne fara gina zaure: ginin ya cinye miliyan 40, a rasa na wuta da mai gadi, bayan shekara uku ya koma wurin taron biki.

Na ƙarshe, ku gafarce mu, maganar bayan rai ce. Duk abin da ba a fitar da shi daga mallakarku a rubuce ba, gado ne, kuma wasiyya ba ta wuce sulusi. In nufinku waƙafi ne, ku yi shi yanzu da ranku da lafiyarku, da shaidu, magada suna sane.

Tambaya: An ce zane ma jari ne. In saya in ajiye? Daga wata 'yar kasuwa a Wunti.

Amsa: Hajiya, labarin da ake ji shi ne na zanen Ben Enwonwu da aka sayar a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2. Dubban da suka rasa mai saye ba a ba da labarinsu. Zane ba ya haihuwa duk shekara kamar hannun jari, gidan gwanjo yana cire la'adarsa, kuma ranar da kike buƙatar kuɗi ba lallai a samu mai so ba. Ki saya don kina so, da kuɗin da ba na juyawa ba. Ki karɓi rasit mai sunan mai zanen, shekara, girma da sa hannunsa. Ki sani kuma sayen zane bai ba ki ikon buga shi a atamfa ko kalanda ba: haƙƙin yana wurin mai zanen da magadansa har shekara 70 bayan rasuwarsa, sai in ya sallama miki a rubuce. Tsofaffin kayan da aka tono daga ƙasa kuwa ki nisance su, fataucinsu da fitar da su waje ba izini laifi ne.

Tambaya: Ina shirya fina-finai a Gombe, ina neman naira miliyan 30. Bankin zuba jari zai saurare ni?

Amsa: Da wuya, ɗan'uwa, kuma ba raini ba ne, lissafi ne. Ko da la'adar kashi 2 cikin ɗari ce, naira dubu 600 ke nan, ba ta biya ko lauyan da zai duba takardu ba. Ƙofofin da suka dace da kai su ne Bankin Masana'antu, wanda ke da tsarin rance ga masu fim, ko masu hannu da shuni biyu zuwa uku da za su shiga da kaso, ko tara kuɗi daga jama'a ta dandalin intanet mai rajista. Ƙa'idar SEC ta 2021 ta ba ƙaramin kamfani na matakin farko damar tara har miliyan 50 cikin wata 12, amma ana neman tarihin aiki na shekara biyu.

Kowace ƙofa ka bi, tambayoyin iri ɗaya ne. Kamfanin yana da rajista? Asusunsa daban yake da aljihunka? Marubuci, mawaƙi da 'yan wasa sun sa hannu cewa haƙƙin fim ɗin na kamfani ne? Fina-finanka uku na baya nawa suka ci, nawa suka dawo da shi, daga ina: YouTube, tashar talabijin ko masu talla? Sannan a rubuta jerin biya tun kafin a kunna kyamara: mai rarrabawa ya cire nasa, masu zuba kuɗi su mayar da uwar kuɗinsu, abin da ya saura a raba yadda aka amince, misali rabi da rabi. In wani Alhaji ya ce kyauta ya ba ka, ka roƙe shi ya rubuta kalmar kyauta ya sa hannu, da kwanan wata da shaidu biyu.